Ƙanƙara da rikicin inshorar rufi a Texas: an bar jaki ana dukan taiki

Ƙanƙarar da ta sauka a unguwarmu, a arewacin birnin Dallas, ba ta yi minti goma sha biyar ba. Da la'asar sakaliya ta zo, da ƙara kamar ana juye tifar tsakuwa a kan gida. Ta farfasa gilasan motocin da ke waje, ta kakkaɓe ganyen bishiyoyi, ta wuce abinta. Washegari ban gama karyawa ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani saurayi ne tsaf-tsaf, rigarsa da tambarin kamfani, tsani ɗaure a bayan akori-kurarsa, lambar motar kuwa ta wata jiha ce can nesa. Ya ce yana aiki a gidan maƙwabcina, zai duba mini rufi kyauta, kuma in kwantar da hankalina, sabon rufi zan samu ko sisi ba zan kashe ba. Da na tambayi maƙwabcin daga baya, ya ce bai taɓa ganinsa ba. Kafin azahar irinsa huɗu suka zo.

Amurkawa suna da laƙabin da suke kiran waɗannan mutane, ma'anarsa masu bin hadari. 'Yan ci-ranin rufi ne. Akwai kamfanonin da ke sayar musu da taswirar da aka haɗa daga na'urar hangen yanayi, mai nuna layin da ƙanƙara ta bi da girmanta, unguwa-unguwa. Kafin mai gida ya gama share tsakar gidansa, sun kama ɗakuna a otal ɗin bakin hanya, sun buga katin kasuwanci da lambar wayar garin.

Wanda ya saba da cewa idan iska ta yaye kwano sai a kira kafinta, 'yan uwa su yi karo-karo, zai yi mamakin yadda ƙanƙara ta zama harkar biliyoyin daloli. Dalili biyu ne. Yawancin gidajen Amurka da fale-falen kwalta ake rufa su, an yayyafa musu tsakuwa mai laushi a sama. Idan ƙanƙara mai girman ƙwan zabo ta doki wurin, sai tsakuwar ta zube, kwaltar ta yi rauni, bayan wani lokaci rana ta gasa ta, ɗaki ya fara yoyo. Na biyu, duk wanda ya sayi gida da bashin banki, dole ne ya yi masa inshora. Saboda haka kusan kowane rufi akwai kamfanin da ke bayansa. Ƙanƙarar 12 ga Afrilun 2016 a San Antonio ta jawo asarar kusan dala biliyan 1.4 ga kamfanonin inshora. Ta 8 ga Mayun 2017 a Denver ta kai kusan biliyan 2.3, kuma ita ce ƙanƙara mafi tsada a tarihin jihar Colorado. A 2023, asarar da irin wannan hadari na ƙanƙara da iska ya jawo wa kamfanonin a faɗin Amurka ta haura dala biliyan 50. Inda irin wannan kuɗi ya zube, ai ungulu ba ta jewar banza.

Ban bai wa saurayin aiki ba. Na kira wani dattijo da ya shekara sama da ashirin yana rufi a garin, wanda ofishinsa ke kusa da inda nake shan mai. Daga bakinsa, da kuma ranar da na tsaya a ƙasa ina kallonsa a kan rufina, na fahimci abin da ke ci wa masu rufi na gari tuwo a ƙwarya.

Kukansa na farko a kan baƙin ne, kuma yana da gaskiya. Kowace takardar inshora tana da kason da mai gida zai fara biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu. Baƙo zai ce ya yafe maka wannan kaso. To wa zai biya? Ko dai a kumbura lissafin da za a tura wa kamfani, wanda zamba ce, ko a rage aikin: kusa huɗu inda ake buƙatar shida, tsohon ƙarfen bakin bututu a mayar da shi a shafa masa fenti, shimfiɗar ƙarƙashi ta arha. Mai gida ba ya hawa rufi, ba zai sani ba sai ruwa ya fara ɗiga daga silin. Lokacin nan garantin shekara goma da aka ba shi yana nan a takarda, lambar wayar kuwa ta mutu. Wasu ma ba sa kaiwa nan, kafin alƙalami suke karɓa su ɓace. Dattijon ya ce abin da ya fi ƙona masa rai shi ne idan ya gaya wa mutum gaskiya cewa sai ya biya kasonsa, sai a dube shi kamar shi ne macucin.

Amma da na ja shi da hira, sai na ga baƙin ba su ne ke hana shi barci ba. Su lokaci ne da su, wata uku ko shida sun tafi. Kamfanin inshora kuwa yana nan shekara da shekaru.

Ranar da jami'in tantance ɓarna na kamfanin inshora ya zo, shi da dattijon suka hau. Jami'in ya ciro alli ya zana murabba'i, ƙafa goma tsawo ƙafa goma faɗi, a kowace fuskar rufin. Ya durƙusa yana danna fale-falen da babban yatsa, inda ya ji laushi sai ya zagaye da alli. A fuskar yamma ya samu fiye da goma. A ta gabas ya ƙirga bakwai, ya miƙe. Dattijon ya nuna masa wani tabo kusa da ƙafarsa. Jami'in ya duba, ya ce wannan tsufa ne, ba ƙanƙara ba. Da a ce ya yarda da tabon nan, da fuskar ta cika adadin da yake nema. Sai aka rubuta rabin rufi sabo, rabi faci. Dattijon ya buɗe baki zai yi magana, ya rufe, ya sauko yana goge alli a wandonsa.

Shirun nan ba ladabi ba ne, doka ce. A Texas, ɗan kwangila ba shi da ikon yi wa mai gida ciniki da kamfanin inshora a kan abin da takardarsa ta ƙunsa, wannan aikin wakili ne mai lasisi na musamman, kuma mutum ɗaya ba zai zama mai gyara kuma wakili a gida ɗaya ba. Wani kamfanin rufi mai suna Stonewater ya ƙalubalanci dokar da hujjar cewa ta tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, amma a watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin jihar ta ba hukumar inshora gaskiya. Na fahimci hikimar dokar, don wanda zai ci ribar aikin bai kamata ya zama alƙali ba. Sai dai a aikace, mutumin da ya fi kowa sanin rufin nan an ɗaure masa baki, an bar mai gida, wanda bai san bambancin tabon ƙanƙara da na tsufa ba, ya fuskanci kamfani shi kaɗai.

Sannan ga batun farashi. Yawancin kamfanonin inshora da wata manhaja mai suna Xactimate suke lissafi, ita ke faɗin kuɗin kowane kaya da na ƙwadago a kowane yanki. Masu rufi suna ƙorafin cewa bayan babbar ƙanƙara kaya na tashi, leburori na tsada, lissafin farko kuwa sau da yawa ya tsallake abubuwan da dokar gini ta gari ta wajabta. Sai ɗan kwangila ya koma yana ɗaukar hotuna, yana rubuta neman ƙari, yana jiran amsa makonni. Kuɗin ma ba a tashi ɗaya yake zuwa ba. Ana riƙe wani ɓangare da sunan ragin tsufa sai an gama aiki, kuma cakin yakan zo da sunan bankin da ke bin gidan bashi, sai shi ma ya sa hannu. Dattijon ya biya dillalin kaya, ya biya yaransa ran Juma'a, shi kuma yana jira. Ya ce ya shiga sana'ar ne don ya buga kusa, ga shi ya zama akawu.

Ba na cewa kamfanonin inshora ba su da abin faɗa. An cuce su, kuma ana cutarsu. Akwai masu hawa rufi da guduma ko kwabo su ƙirƙiri tabo. Akwai lauyoyin da suka mayar da ƙanƙara gona. Kuma kada masu rufi na gari su yi mana wankan tsarki, cikinsu ma akwai masu haɗiye kason mai gida a ɓoye. Ban da haka, idan ƙanƙara ta lalata dubban gidaje a dare ɗaya, 'yan gari kaɗai ba za su iya ba, ko sun ƙi ko sun so sai hannun baƙi ya shigo. Zuwa daga wata jiha ba laifi ba ne.

Inda na saɓa da kamfanonin da 'yan majalisar jihar shi ne maganin da suka zaɓa. A 2017 an yi dokar da ta rage ruwan tarar da kamfani zai biya idan ya yi jinkirin biyan diyya, daga kashi 18 cikin ɗari zuwa kusan 10 a lokacin, ta kuma ƙara wa mai kai ƙara sharuɗɗa. Ta fara aiki ranar 1 ga Satumba, kwanaki kaɗan bayan guguwar Harvey ta nutsar da Houston. A 2019 aka haramta wa ɗan kwangila yafe kason mai gida, wannan kam daidai ne, ko da yake ga saurayin nan a ƙofata yana tallar abin da aka haramta ba ko kunya. Kamfanonin kuma suka sake fasalin takardunsu: kason mai gida ya koma kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na darajar gidan, tsohon rufi ana biyansa da ragin shekaru, lotsewar da ba ta kai ga yoyo ba an cire ta. A ce an yi wa gida inshorar dala 400,000, kashi biyu dala 8,000 ke nan daga aljihun mutum kafin kamfani ya ba da ko kwabo.

Duba jerin nan da kyau. Wanne ne ya taɓa mai bin hadari? Shi ya riga ya tsallaka iyaka. Wanda ya zauna shi ke biya: tsohuwar da ta shekara talatin tana biyan kuɗin inshora ba ta taɓa neman diyya ba, da mai rufin da sunansa ke jikin allo a bakin titi.

Abin da zai taɓa baƙon kuwa an ƙi yi. A Texas mai aski sai da lasisin jiha, haka mai gyaran famfo da mai haɗa wuta. Mai rufi ba ya buƙatar lasisin jiha. Duk wanda ke da tsani da akori-kura zai iya wayar gari ɗan kwangila. Ƙungiyar masu rufi ta jihar tana ba da lasisin ganin dama, kuma an sha kai ƙudurin rajistar dole gaban majalisa yana mutuwa a can, da hujjar kada gwamnati ta takura wa kasuwa. Maƙwabciyarta Oklahoma tana tilasta rajista. Colorado tun 2012 ta wajabta rubutacciyar yarjejeniya, ta kuma ba mai gida sa'o'i 72 ya janye idan kamfani ya ƙi biyan diyyar. Rajista ba za ta kawar da zamba ba, waɗannan jihohin ma suna fama. Amma tana ba da suna, da adireshi, da abin da za a ƙwace. Ni dai ban ga yadda za a ce takura ce a nemi mai rufi ya yi rajista ba, alhali an riga an ƙayyade masa kalmomin da zai furta a kan rufi.

Nawa rufin, bayan wata biyu da hotuna da jami'i na biyu, an yarda a sake shi duka, na biya kasona. Maƙwabcina na tsallaken titi ya bi saurayin. An gama masa cikin kwana ɗaya, har yana yi mini dariya. Da ruwan kaka ya sauka, sai ga akori-kurar dattijon a ƙofarsa, yana kan rufi yana ɗaga fale-falen kusa da bututun hayaƙi ɗaya bayan ɗaya. A makon ne takardar sabunta inshorata ta iso, an mayar da kasona daga kashi ɗaya zuwa biyu.