Ana gardamar sunan ciki, mai cikin tana cikin mari

Tafinta nake yi a nan New York, yawanci ta waya. Ana kira in ɗauka, sai in tsinci kaina tsakanin likita da wata baiwar Allah 'yar Damagaram, ko 'yar zangon Kumasi, ko tamu ta Kano. Wata rana aka haɗa ni da wata Hajiya da ta yi ɓarin cikin wata uku. An sallame ta da takarda, 'yarta ta karanta a gida, ta sa wayar hannu ta fassara, wayar kuwa ta ce musu "zubar da ciki". Washegari ta dawo asibitin tana kuka.

"Ƙanwata, ki ce musu su ji tsoron Allah. Shekara bakwai ina neman cikin nan, yau ni za a rubuta wa na zubar?"

Na ce, "Hajiya, yi haƙuri, ba haka suke nufi ba." Sai da na yi ta bayani kafin ta yarda cewa a bakin likitocin nan kalma ɗaya ce ke ɗauke da ɓari da zubarwa, sai dai su liƙa mata wata kalmar a gefe don nuna cewa da kansa ya fita. Mu kuwa Hausa ta raba mana gardama tun a cikin aikatau. Ciki ya zube, ƙaddara ce, a zo jaje. Ta zubar da ciki, da hannun mutum a ciki. Gaɓa ɗaya ce tsakaninsu, amma ita ke raba matar da za a dama wa kunu da wadda za a nuna da baki a gidan biki.

Tun daga ranar na fara sauraron yadda Amurkawa ke faɗa a kan kalmomi, faɗan kuma ba ƙarami ba ne. Ɓangare ɗaya suna kiran kansu masu kare rai, ɗayan masu kare zaɓi, kowa ya zaɓi sunan da zai sa abokin gardamarsa ya zama mugu. Wannan ya ce jaririn da ba a haifa ba, wancan ya ce ɗan tayi. Da jihar Texas ta fara aiki da dokarta a watan Satumban 2021, ta kira ta dokar bugun zuciya, ta hana zubarwa daga kusan mako shida, ta kuma ba kowa damar kai ƙarar wanda ya taimaka, da ladan aƙalla dala 10,000. Ƙungiyar likitocin mata ta ƙasar ta ce a wannan lokacin zuciya ba ta gama haɗuwa ba, motsin ƙwayoyin da za su zama zuciya ne na'ura ke nunawa. Mako shidan nan kuwa daga jinin al'ada na ƙarshe ake ƙirga shi. A gida, macen da ke wannan matakin cewa za mu yi ta yi ɓatan wata, ko uwar mijinta ba ta ji labari ba tukuna. Ranar 24 ga Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin 1973 da ya ba mata 'yancin zubarwa, ta mayar wa jihohi wuƙa da nama, kowace jiha ta kama rubuta nata ƙamus.

Bari in faɗi inda na tsaya, kada a yi ta lalube. A gidan Malikiyya na tashi, inda malamai suka tsananta a kan taɓa ciki tun farkonsa, kuma zaman Amurka bai canza ni ba. Idan mace ta ce min tana da juna biyu, mutum biyu nake gani. To amma wannan kalmar tamu, juna biyu, ita ce ta hana ni tafa wa masu cewa suna kare rai a nan. Biyu aka ce, su kuwa ɗaya suke ƙirgawa.

A 2006 jihar Alabama ta yi doka don hukunta masu kai yara wuraren da ake dafa miyagun ƙwayoyi. A 2013 babbar kotun jihar ta ce kalmar "yaro" a dokar ta haɗa da wanda ke ciki. Shi ke nan, mahaifa ta zama wurin aikata laifi. Mace ta je awo ko haihuwa, a sami alamar ƙwaya a jininta, sai ankwa. Gundumar Etowah ta yi suna a wannan harka, har ta riƙa tsare masu ciki ba beli sai an samu gurbi a gidan raba mutum da shaye-shaye, wai don a kare abin da ke cikinsu. Ɗaya daga cikin matan ta kai ƙara a 2023, ta ce a watan Oktoban 2021 ta shafe kusan awa goma sha biyu tana naƙuda tana roƙon a kai ta asibiti, daga ƙarshe ta haihu ita kaɗai a wurin wankan fursunoni. Wannan shi ne yaron da aka kulle uwarsa don a tsare lafiyarsa. A daɓen banɗaki ya fara shaƙar iskar duniya.

Kada wani ya ce ai jihohin masu ra'ayin riƙau ne kawai. A Denver, jihar Colorado, inda dokar zubar da ciki ke da sassauci ƙwarai, kyamarar ɗakin kurkuku ta ɗauki wata mata tana haihuwa ita kaɗai a 2018, tana ihu, ba wanda ya shigo sai da jaririn ya faɗo. Masu kiran sa ɗan tayi da masu kiran sa yaro duk sun bar uwarsa a kan katifar roba.

Sai maganar mari. Wata mata a Arkansas ta yi naƙuda a 2003 ƙafafunta ɗaure da gadon asibiti, kuma sai a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce lallai hakan na iya zama azabar da tsarin mulki ya hana. New York ta hana ɗaure mai naƙuda a 2009, ta faɗaɗa dokar a 2015. Gwamnatin tarayya ba ta sa hanin a doka ba sai a Disambar 2018, shi ma na gidajen yarinta ne kawai, alhali mafi yawan matan da ke tsare suna hannun jihohi da gundumomi. Hujjar da ake bayarwa ita ce gudun kada ta tsere. Duk wadda ta taɓa durƙusawa ta san wannan magana ce ta wanda bai taɓa yi ba. Ina ƙafar gudu ga macen da kan ɗa ya sauko? Ungozomar unguwarmu ma, da ba ta taɓa shiga aji ba, ta san mai naƙuda tana buƙatar ta zaga, ta juya, ta dafa turmi.

In yi musu adalci ta fuska ɗaya: a gidan yarin mata na Bedford Hills da ke nan jihar New York akwai sashen renon jarirai tun 1901, inda uwa ke iya zama da ɗanta shekara guda, wani lokaci har wata goma sha takwas. Irinsa kaɗan ne. A yawancin wurare kwana ɗaya ko biyu ake ba ta, a karɓe jaririn, a mayar da ita ɗaki nono na zuba. Ba ruwan zafi, ba kunun kanwa, balle a yi zancen arba'in.

Duk lokacin da na ba Innata irin wannan labarin a waya, salati take yi, sai ta kawo hadisin matar nan Bagamidiya. Ta zo da kanta ta amsa laifin zina tana da ciki, Manzon Allah (SAW) ya ce ta koma sai ta haihu, wani mutumin Madina ya ɗauki nauyinta. Ta haihu ta dawo, ya ce ta je ta shayar sai ta yaye. Sai da ta zo da yaron yana riƙe da gutsuren gurasa. Inna ta ce, "Kin gani, 'yar nan? Mu tun tuni aka gama mana wannan." Nakan ce, "Haka ne, Inna." Ba a musu da uwa a waya mai tsada. Amma a raina na san a littafi aka gama mana.

A 2002 kotun shari'a a Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa, babbar shaidar kuwa ita ce 'yar da ke goye a bayanta. Jikin mace ya zama shaida a kanta, kamar dai Alabama, namijin ya rantse ya tafi gida. An ɗage hukuncin sai ta yaye, sannan a Satumban 2003 kotun ɗaukaka ƙara a Katsina ta sallame ta, kuma cikin hujjojin har da kwantaccen ciki, wanda fiƙihun Malikiyya ya yarda zai iya daɗewa shekaru bayan rabuwa da miji. Likita zai yi dariya. Ni dai ina ganin malaman da suka riƙe wannan kalma ƙofa suka bari a buɗe da gangan, don mace ta samu ta inda za ta fita. A Alabama kalma ta rufe ƙofa, a Katsina ta buɗe.

Sauran kalmominmu fa? Dokar laifuka ta Arewa ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara goma sha huɗu ga zubar da ciki, sai in don ceton ran uwa ne. Saboda haka muka iya lulluɓe. "Wankin ciki" na nufin aikin da ake yi wa mai ɓari don kwashe abin da ya rage, yana kuma nufin abin da ake yi a bayan kemis da daddare, kowa ya san da haka, kowa ya yi shiru. Yarinyar da jini ya ɓalle mata sai ta yi ta ɓoyewa har ta galabaita, don tana tsoron tambayar farko da za a yi mata a asibiti. Muna kuma da "cikin shege", sunan da muke liƙa wa wanda bai ji ba bai gani ba, tun kafin ya fito. Wanda ya ƙirƙiri wannan ba shi da bakin koya wa Ba'amurke ladabin magana.

A 2019 Najeriya ta sauya wa gidajen yari suna, rediyo ya koma cewa gidan gyaran hali. Ginin gidan yarin Kurmawa na Kano bai ƙara faɗi ba don an canza allo, kuma har yau mafi yawan waɗanda ke tsare a ƙasar jiran shari'a suke, ba a yanke musu hukunci ba. Mace na iya shiga da ƙaramin ciki a kan rigimar kishiya ko bashin adashi, fayil ya kwanta, ciki kuwa ba ya jiran alƙali. A shekarar ce kuma 'yan sanda suka fasa gidan mari a Rigasa da wani a Daura, duniya ta ga ƙafafun da ƙarfe ya ci. Mu da muke da kalma ta musamman ga gidan da ake sa wa mutane sarƙa, bai kamata marin Arkansas ya ba mu mamaki ba.

Kwanan baya aka haɗa ni da wani gidan tsare mutane, ba a faɗa min garin ba, ni ma ban tambaya ba. Ma'aikaciyar jinya na cike takarda, ta ce in tambayi yarinyar yaushe ta ga jininta na ƙarshe. Ta faɗa, wata bakwai ke nan. Aka zo ƙarshe, ma'aikaciyar ta ce ko tana da tambaya. Ta yi jim, sannan ta rage murya kamar ni kaɗai za ta faɗa wa.

"Anti, in abin ya zo, za su kwance min ƙafa?"

Dokar aikina ba ta ba ni damar amsawa ba, maimaitawa kawai nake yi. Na juya maganar da Turanci yadda ta faɗe ta. Ma'aikaciyar ta ce wannan ba sashenta ba ne, sai dai a tambayi masu gadi. Na mayar mata da Hausa. Ta ce, "To, Allah ya kai mu." Aka kashe wayar.