Kalkuletar da ba ta mantuwa

Da na sayi kalkuletar lissafin kuɗi, BA II Plus, sai na fara jin kaina kamar manajan banki. Littafin bayanin da ya zo da ita kuwa ban ko buɗe shi ba. Wa zai koya wa kifi iyo?

Ran nan Yayana ya same ni ina ta latse-latse. Ya ce, "Kai ɗan boko, zo ka yi mini amfani. Bashin 100,000 zan ci, a biya cikin wata 12, ruwa kashi 1 cikin ɗari duk wata. Nawa zan riƙa bayarwa?"

Na gyara zama. Na danna CE/C har sau uku kamar mai korar ƙuda, sifili ya fito fes a fuskarta. Na sa 12 a N, 1 a I/Y, 100,000 a PV, na danna CPT da PMT, wato ta lissafo abin da zai riƙa biya duk wata. Sai ga 48,309.27.

Na ce, "Yaya, dubu arba'in da takwas da 'yan kai, duk wata."

Ya yi shiru yana lissafi da yatsu. "Wato in karɓi 100,000 in mayar da kusan 580,000? Wannan ai fashi ne da biro!"

Maimakon in yi shakka, sai na kama yi masa lacca a kan yadda ruwa ke haihuwar ruwa. Na kashe ta na kunna, na sake, amsa tana nan daram. Na ce, "Ka gani? Na'ura ba ta ƙarya." Ya ɗauki waya ya kira ma'aikacin da zai ba shi bashin, ya wanke shi tas, ba sabulu. Ina gefe ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Sai da dare, abin ya hana ni barci, na lalubo littafin nan da na raina. Ashe maɓallan nan biyar, N, I/Y, PV, PMT da FV, kowanne aljihu ne. Abin da ka zuba a ciki yana nan har sai ka ɗora wani a kansa ko ka share shi da gangan. CE/C fuska kawai yake gogewa, kamar mai share tsakar ɗaki ya bar tarkace ƙarƙashin gado. Kashewa ma ba ta taɓa komai. Ban da waɗannan tana da wasu aljihuna goma, daga 0 zuwa 9: STO ya ajiye, RCL ya ɗauko. Kuma duk da lamba biyu take nunawa bayan ɗigo, a cikinta lambobi 13 take riƙewa. Ba ta faɗin duk abin da ta sani, saɓanina.

Hannuna na rawa na danna RCL da FV. 500,000.00.

Nan na tuna. Daren jiya na kwanta ina lissafin yadda zan tara 500,000, na sa shi a FV, aljihun kuɗin da ake son samu a ƙarshe, barci ya kwashe ni. Baiwar Allah ta ɗauka Yaya zai biya bashinsa, ya kuma tara mini rabin miliyan a wata 12. Na danna 2nd da CLR TVM, mai share aljihunan nan biyar, wanda aka rubuta a saman FV ɗin nan da nake kallo kullum, na sake lissafi: 8,884.88.

Da safe na je da fuskar tausayi na yi bayani. Yaya ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To wannan 500,000 ɗin na wane ne?"

Na ce, "Burina ne, Yaya."

Ya ce, "Burinka za ka cika da wuyana?" Ya miƙo mini wayarsa, lambar mutumin jiya tana kan fuska. "Ungo. Kai za ka ba shi haƙuri, kuma ka fara da gaya masa cewa kai ne manajan."