Wa Ke Zaɓar Abin Da Za A Rataya A Bangon Legas?

Duk shekara idan watan Nuwamba ya kama, hotunan bukukuwan zane-zane na Legas sukan cika shafukan sada zumunta, kuma duk shekara sai wani daga cikin 'yan uwanmu na Agege ko Idi-Araba ya yi mini tambaya iri ɗaya: shi wannan mutumin da ake rubuta sunansa a saman bango alhali bai ja ko layi ɗaya ba, mene ne aikinsa, kuma don me ake gode masa kafin a gode wa masu zanen? Da baki nake amsawa a da, a gaggauce, amma bana na ga ya kamata in zauna in rubuta, domin na lura mu Hausawan Legas wannan aiki yana shafar mu ta hanyar da ba mu cika lura da ita ba.

Ba mu da kalma guda a Hausa da ke nufin mai wannan sana'a, saboda haka zan kira shi mai tsara baje koli. Sunan da Turawa suke kiransa da shi, wato curator, ya samo asali daga kalmar Latin cura, wadda ma'anarta kulawa ce, kuma wani abin sha'awa shi ne ko a kunne ta yi kusa da tamu kalmar kula. Sai dai duk wanda ya taɓa ganin jeren ɗakin amarya ya riga ya san rabin aikin. Matan da ake kira su yi jere ba su suka ƙera kwalla ko tasa ko kumbo ba, ba su kuma suka biya kuɗinsu ba, amma su ne ke yanke hukuncin wane kwano zai hau sama, wane zai zauna kusa da wane, wane kuma za a tura ƙarƙashin gado saboda zai ɓata sahu. Idan 'yan ganin ɗaki suka shigo, abin da idonsu zai fara sauka a kai mai jere ce ta zaɓa musu, kuma labarin da za su kai gida game da arzikin iyayen amarya daga hannunta ya fito. Kaya iri ɗaya a hannun mata biyu sukan ba da ɗaki biyu mabambanta.

Rabin da ya rage shi ne wahalar da ba a gani. Kafin a buɗe ƙofa, mai tsara baje koli yakan shafe watanni yana bin masu zane har wuraren aikinsu, daga Yaba zuwa Ikorodu zuwa Ajah cikin cunkoson da kowa ya sani, yana kallon abin da suka gama da wanda suka yasar a lungu, yana yi musu tambayoyin da wani lokaci su kansu ba su taɓa yi wa kansu ba. Sannan ya nemi aron ayyuka daga masu kuɗin da suka saye su suka kulle a gidajensu, ya shirya inshora da dako, ya yi fama da takardun kwastan idan aikin daga waje zai shigo, ya auna bango, ya tsara fitilu tare da tunanin janareta, ya kuma kare takarda da yadi daga danshin Legas wanda yake cin su a hankali. Bayan duk wannan sai rubutu: ɗan bayanin da ke manne kusa da kowane aiki, da littafin baje kolin. A ganina wannan rubutun shi ne ƙashin bayan sana'ar, domin baje koli mako huɗu ne ko shida a nannaɗe shi, amma littafin yana nan, kuma ɗalibin da zai zo bayan shekara talatin yana neman sanin su waye masu zanen wannan zamani, sunayen da ke cikin littafin kaɗai zai tarar.

To me ke sa mutum ya ɗauki wannan nauyi? Amsar da ta fi gamsar da ni ita ce rayuwar marigayiya Bisi Silva. Ta yi karatun wannan fanni a Landan, ta dawo ta buɗe Cibiyar Fasahar Zamani ta Legas a shekarar 2007, a unguwar Sabo da ke Yaba, nesa da manyan otal-otal na tsibirin Legas. Cibiyar ba shagon sayar da zane ba ce, kuma abin da ta fi alfahari da shi a cikinta shi ne ɗakin karatu mai dubban littattafai a kan fasaha, wanda matashin da ba shi da kuɗin jirgi zai hau bene ya zauna ya karanta abin da ake yi a Dakar ko Bamako ko Johannesburg. A lokacin da kasuwar Legas ba ta san komai ba sai zanen fenti da sassaƙa, ita ta dage a kan ɗaukar hoto da bidiyo da fasahar da mai ita ke nunawa da jikinsa gaban masu kallo. Ta tsaya tsayin daka a kan ayyukan dattijo J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya, har ta fitar da babban littafi a kansu a 2014, shekarar da ya rasu. A 2010 ta kafa makarantar Asiko, wadda take yawo daga birni zuwa birni a Afirka tana horar da matasan masu zane da masu tsarawa, saboda ta ga makarantunmu suna koyar da hannu suna barin tunani. Ta jagoranci bikin hotuna na Bamako a 2015, ta rasu a watan Fabrairun 2019. Duk wanda ya dubi wannan tarihi zai ga mace ce da ta tsani ta ga abu mai daraja ya wuce ba a rubuta shi ba.

Wata ɗaya bayan rasuwarta Okwui Enwezor ya bi ta, kuma shi dalilinsa ya fi kama da na ɗan gwagwarmaya. An haife shi a Kalaba a 1963, kimiyyar siyasa ya karanta a Amurka, kuma abin da ya ja shi cikin fasaha shi ne takaicin ganin manyan gidajen baje koli na Turai da Amurka suna nuna kayan Afirka na gargajiya kamar kayan tarihi, suna kau da kai daga 'yan Afirka masu rai da ke aiki. Shi ne mutum na farko da ba Bature ba da ya jagoranci Documenta, babban baje kolin da ake yi duk shekara biyar a garin Kassel na Jamus, a 2002, kuma bai yarda komai ya ƙare a Jamus ba: ɗaya daga cikin tarukan share fagen bikin a nan Legas aka yi shi, aka tattauna halin biranen Firitawun da Johannesburg da Kinshasa da Legas. A 2015 ya zama haifaffen Afirka na farko da ya tsara babban baje kolin Venice. Ya gane cewa wanda ke riƙe da jerin sunaye shi ke riƙe da ƙofa, sai ya nemi jerin ya dawo hannunsa.

Ba zan yi kamar duk masu wannan aiki waliyyai ne ba. Akwai kuɗi a ciki, kuma kuɗin yana ƙaruwa. Tun da Tokini Peterside ta kafa kasuwar zane-zane ta Art X Lagos a 2016, kuma tun da aka sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu a Landan a 2018 a kan kimanin fam miliyan 1.2, masu hannu da shuni suka fahimci cewa zane ma kadara ce kamar fili a Lekki. A irin wannan yanayi iyakar da ke tsakanin mai tsarawa da dillali takan yi siriri. Dillanci sana'a ce halal, kuma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi ta Alaba Rago ya san ba a cinikin shanu ba tare da dillali ba, amma dillalin kara kowa ya san la'ada yake nema, ba ya ɓoyewa. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya rubuta dogon bayani mai cike da kalmomin jami'a a kan wani zane, yana nuna kamar hukuncin masani yake yankewa, alhali shagon da yake yi wa aiki zai ɗauki kasonsa idan an sayar, kason da sau da yawa yakan kai rabin kuɗin. Akwai kuma masu tsara baje kolinsu daidai da abin da masu ba da tallafi na ƙasashen waje suke son ji a wannan shekarar. Su ma neman abinci suke yi, ban zarge su da yawa ba, amma mai kallo ya kamata ya sani.

Wani lokaci zaɓen wurin ma kansa magana ce. Bikin Lagos Biennial na farko a 2017, wanda Folakunle Oshun ya assasa, a tsohuwar rumfar jiragen ƙasa ta Ebute Metta aka yi shi, cikin tsofaffin taragai masu tsatsa, kuma duk Bahaushen da kakansa ya sauka Legas ta layin dogo yana da rabo a wannan wuri ko da ba a gayyace shi ba.

A nan ne zancen ya zo kanmu. Akwai wani kawuna da ya shekara fiye da talatin yana ɗinkin hannu a Agege, kuma na taɓa jan sa zuwa wani baje koli a tsibiri, a wani gidan da ba zan ambaci sunansa ba. A tsakiyar zauren an rataya wata tsohuwar babbar riga, an haska ta da fitila kamar amarya. Duk ayyukan da ke kewaye da ita suna ɗauke da sunan mai su da shekarar haihuwarsa da garinsu, ita kuwa ɗan katin da ke gefenta bai ce komai ba sai cewa rigar Hausawa ce daga Arewacin Najeriya. Kawu ya matsa kusa har mai gadi ya fara yi masa kallon gargaɗi, ya daɗe yana duban aljihun, sannan ya ce da ni, "Ɗana, wannan aska takwas ce, kuma hannu biyu ne suka yi ta. Dubi nan zaren ya matse, dubi nan ya saki. Malami ya fara, almajirinsa ya ƙarasa." Na ce, "Kawu, to me ya sa ba su rubuta haka ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Wa suka tambaya?"

Ban ɗauka mugunta ce ta sa aka bar katin haka ba. Wanda ya tsara baje kolin ya ga kyan rigar, shi ya sa ya ba ta tsakiyar zaure, sai dai ba ya jin Hausa, bai san ana karanta ɗinki kamar yadda ake karanta rubutun hannu ba, kuma bai san cewa masanin da yake bukata yana zaune a kan tabarma a Agege ba. Haka abin yake a hotuna: mai ruwa da mai shayi da ɗan acaba da mai yankan farce sun cika bangon baje kolin hotuna na wannan birni, fuskokinmu ne, amma da wuya ka ga sunan mai fuskar, balle garin da ya baro da dalilin barowar. Idan muka tuna Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, sai mu ga bambancin da rubuta suna yake yi. Gwanar ginin tukwane ce tun kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, a 1954, amma akwai mata gwanaye da yawa a zamaninta waɗanda tukwanensu suka fashe tare da sunayensu, ita kuwa an nuna aikinta a Landan da sunanta a jiki. Haka kuma ƙungiyar ɗaliban da suka sauya alkiblar zanen Najeriya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, a Zariya suka yi karatu, amma labarinsu a Legas da Nsukka aka fi adana shi.

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙarƙashin wannan saƙo, cewa harkar zane da mutum-mutumi ba tamu ba ce saboda addini. Ina girmama wannan taka-tsantsan, kuma ba na neman kowa ya sassaƙa siffar mai rai. Amma allon zayyana da ake yi wa mai sauka ba zanen mai rai ba ne, haka adon bangon gidajen Kano da Zariya, haka aikin Babban Gwani a masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19, haka rinin Ƙofar Mata, da aikin dukawa, da ɗinkin hula. Akwai kuma matasanmu masu kyamara, irin su Fati Abubakar da ta nuna wa duniya rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno a lokacin da ba a jin komai daga can sai labarin bam. Kayan jeren muna da su har sun yi yawa, masu jeren ne muka rasa: matashi ko matashiya mai jin Hausa da Turanci, mai haƙurin zama gaban dattijo ya saurara, wanda zai iya rubuta katin bango cikin harsunan biyu, ya kuma shiga ɗakin da ake yanke shawara a Ikoyi ya ce wannan aikin wane ne ɗan wane. Iyayenmu sukan yarda yaro ya karanta likitanci ko lauya, ban taɓa jin wanda ya ce ɗansa tarihin fasaha zai karanta aka yi masa guɗa ba.

Tun daga ranar waccan riga na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, kuma duk Asabar da na samu sarari nakan je wurin Kawu in zauna. Yana faɗa mini sunan kowane zane, da malamin da ya koya masa, da wanda ya koya wa malamin, ina rubutawa, ina ɗaukar hoton rigar kafin mai ita ya zo ya karɓa. Mun kai shafi na arba'in da 'yan kai. Makon jiya ya dakatar da ni ya ce in koma baya in gyara wani suna, domin rigar da na rubuta a matsayin tasa ƙaninsa ne ya ɗinka wuyanta kafin ya koma gida.