Hoton kango ba tonon asiri ba ne

Tun da na sa hotunan wata tsohuwar masana'anta da ke gefen Gusau nake shan surutu. Wani ya ce ina ɓata sunan Zamfara, wani ya ce me ya hana in ɗauki sabbin gine-gine. Wata 'yar'uwa kuma tambayarta ita ce ko ba na tsoron aljanu. To bari in ba ku amsa a dunƙule, na gaji da bin ku ɗaya bayan ɗaya.

Da farko dai ba katanga na haura ba. Sallama na yi wa mai gadi, wani dattijo da ke zaune kan benci da rediyonsa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, mi kaka biɗa nan?" Ashe ya ɗauka ɗan gwangwan ne ya zo taya ƙarfe. Da na ce, "Baba, hoto kawai nake so," sai ya yi dariya, ya ɗauki sandarsa ya shige gaba. Ashe shi ma a nan ya ci ƙuruciyarsa, kan inji.

Ciki duhu, sai hasken rana da ke zubowa ta hujojin kwano. Warin kashin jemage kamar zai kayar da mutum. Injinan kuwa babu ko ɗaya, sai kusoshin da aka ɗaure su da su, guda huɗu-huɗu a jere cikin siminti, kamar an cire haƙora an bar gurbi. Baba ya tsaya kan wasu huɗu ya dangwala sanda ya ce nan ne wurinsa. Sama can jikin ƙarafan rufi har yau akwai ɓurɓushin auduga, ta yi baƙi ƙirin. Ina can na ɗaga kai ina neman yadda zan kama ta a waya, katakon da aka rufe kwata da shi ya burma da ni, na kuje ƙauri. Baba ko a jikinsa, cewa ya yi in gode wa Allah ba maciji na taka ba.

Mai cewa ina tonon asiri, wane asiri? Tun 1929 layin dogo ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda, kuma auduga da gyaɗa ne suka jawo shi. Manomi ya kai audugarsa fuloti, a gurje ta, a saƙa ta. Masaƙar Zamtex a garin nan aka kafa ta, shekaru kaɗan bayan ta Kaduna da ta fara aiki a 1957. Abin da ya kashe masaƙun Arewa ma ba ɓoyayye ba ne: karyewar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihun gwamnati, wato SAP, na 1986, rashin wuta, tsadar baƙin mai, ga atamfar Chaina da ake fasa-ƙwaurinta ta kan iyaka. Yaron da aka haifa bayan ƙirƙiro jihar nan a 1996, ka ce masa akwai lokacin da jiniya ke tashin unguwa zuwa aiki, sai ya ɗauka tatsuniya kake masa. Ni abin da zan nuna masa nake tarawa, tun kafin 'yan gwangwan su gama kwashe rodi da ƙyamare a yanka filin a sayar.

Inda nake ba masu suka gaskiya shi ne kan samarin da ke zuwa da tabarau su jingina da bango mai tsatsa don kwalliya, ko su tambayi me ake yi a wurin ba sa yi. Wannan kam ba na tare da su. Haka mai niyyar bin kangayen da ke nesa da gari, a halin tsaron da muke ciki, ya rufa wa kansa asiri ya zauna gida.

Da zan tafi na miƙa wa Baba kuɗin goro, ya ƙi karɓa. Ya ce in dai da gaske nake, in wanko masa hoton kusoshin nan huɗu, zai nuna wa jikokinsa. An wanko tun jiya, ranar Juma'a bayan masallaci zan kai masa.