Kyamara ta shiga majalisa, amma wa take yi wa aiki?

Ranar 16 ga Mayu, 2006 Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da gyaran kundin tsarin mulkin da zai ba Obasanjo damar tazarce karo na uku. Cikin abubuwan da suka kashe ƙudurin har da kyamarorin gidan talabijin na AIT da suka haska muhawarar kai tsaye. Sanatan da ya san mutanen mazaɓarsa na kallon bakinsa, dole harshensa ya yi nauyi.

Yau haska zaman majalisa ba labari ba ne. NTA na da tashar majalisa, ana kuma sakawa a YouTube ranakun Talata, Laraba da Alhamis. Sai dai wa ke kallo? Zaman awa uku, ko an rage kyan hoton zuwa 360p, zai cinye kusan gigabait ɗaya na data. Murya zalla ta tsawon wannan lokaci ba za ta kai megabait 50 ba. Ga shi ana zaman da rana tsaka, manomi na gona, ɗan kasuwa na rumfa, wuta kuwa sai ta ga dama. Rediyon da ke rataye a wuyan makiyayi, wanda shi ne ya isa ko'ina, an bar shi da taƙaitaccen rahoto.

Sai batun harshe. Sashe na 55 na kundin 1999 ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa, Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Har yau ana jiran tanadin. Alhali abin da ake buƙata ba shi da yawa: ɗan ɗakin tafinta mai hana amo, tafinta biyu ga kowane harshe suna karɓeba duk rabin awa don kada gajiya ta sa su tsallake magana, da jerin ayyukan ranar a hannunsu tun daren jiya. Tafintan da bai ga ƙuduri ba kafin a karanta shi, kame-kame zai yi.

Babbar matsalar ita ce abin da kyamara ba ta iya kamawa. A ƙuri'ar murya shugaba ya ce masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya buga guduma. Mai kallo ya ji hayaniya, bai san ina wakilinsa ya tsaya ba. Haka aka amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas a Maris 2025, duk da sashe na 305 ya nemi kashi biyu bisa uku na dukan 'yan kowane zaure. Ta yaya kunne zai ƙirga 73 cikin sanatoci 109, ko 240 cikin wakilai 360? Ga duk batun da kundi ya ƙayyade wa adadi, a kira suna ɗaya bayan ɗaya ko a danna na'ura, sakamakon ya fito a allo, suna da mazaɓa.

Haka idan an shiga zaman sirri, a kore 'yan jarida, a katse hoto. Kwamitoci kuwa, inda ake yanka da ɗinkin kasafin kuɗi, ba kasafai ake haska su ba sai an hango rigima da wani minista. Ko makirufo ɗaya aka ajiye a kowane ɗakin kwamiti, aka ɗora muryar a intanet washegari da kwanan wata da sunan kwamitin, gidajen rediyon jihohi za su samu abin fassarawa.