Sin Ta Yafe Harajin Fito, Amma Me Za Mu Kai Mata?

Tun da gwamnatin Sin ta sanar a birnin Changsha, cikin watan Yunin 2025, cewa za ta yafe harajin fito a kan kayan ƙasashen Afirka 53, wasu masu sharhi ke ta buga gangar murna kamar an raba gado. Abin da ke ɓata mini rai shi ne da wuya ka ji ɗayansu ya tsaya ya tambayi irin kayan da muke kai wa Sin ɗin.

Ɗanyen mai ne daga Angola, jan ƙarfe daga Zambiya, kobalt daga Kwango, sai riɗi daga Nijar da Sudan. Ɗanyen mai da ma'adinai, waɗanda su ne kaso mafi tsoka, da ma can kusan babu haraji a kansu, domin masana'antun Sin ne ke buƙatarsu ruwa a jallo. A shekarar 2024 Sin ta sayar wa Afirka kayan kusan dala biliyan 179, ta sayi na kimanin biliyan 117, kuma yafe haraji ba zai cike wannan giɓi ba muddin albarkatunmu na fita ɗanye suna dawowa a sarrafe.

Masu murnar sun kuma ƙi duba halin da Sin ke ciki a gida. Tun da kamfanin gidaje na Evergrande ya kasa biyan bashi a 2021, darajar gidaje ta zube, magidanta suka ƙulle bakin aljihu, alhali masana'antu ba su rage aiki ba. Rarar cinikin ƙasar ta kusa dala tiriliyan 1 a 2024, ga shugaban Amurka Trump ya ɗaga haraji a kan kayan Sin har kashi 145 cikin ɗari a Afrilun 2025. Dole kayan nan su sami inda za a sauke su. Wanda ya shiga Kantin Kwari a Kano ya ga dilolin atamfa jibge har rufi, zanen namu amma bugun Sin, sannan ya bi ta Kakuri a Kaduna ya ga masaƙu a rufe ciyawa ta cinye harabarsu, ya san inda ake sauke su. Siyasa ma tana ciki, domin Eswatini kaɗai aka ware, saboda ta ƙi yanke hulɗa da Taiwan, tsibirin da Sin ke ɗauka a matsayin yankinta.

Masu kukan cewa Sin na ɗana wa Afirka "tarkon bashi" ba su da abin cewa a nan, tun da AGOA, wato dokar yafe wa kayan Afirka haraji da Amurka ta ba mu tun 2000, ita ma ba ta hana masaƙun rufewa ba. Sin tana kare muradinta ne, kuma ta iya. Laifin na shugabannin da ke tururuwa zuwa Beijing ba su da sharaɗi ko ɗaya a aljihu, su sa hannu, su ɗauki hoto, su dawo.

Ita Sin ai ba haka ta yi wa Turawa ba. Shekaru da dama ba ta bar kamfanin mota na waje ya kafa masana'anta sai da abokin tarayya ɗan ƙasa, kuma a kan haka Volkswagen ya shiga Shanghai a 1984. Indunusiya ta kwaikwayi darasin, ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, kamfanonin Sin kuwa suka bi ta har gida suka gina matatu a Morowali. Ƙasashen da ke da kobalt da litiyom da riɗi su zauna su tsayar da irin wannan sharaɗi tare, kafin a kira taron Sin da Afirka na gaba.