Mun haddace yaƙe-yaƙen Turai, mun bar iyakar Jibiya

Ranar da na faɗa wa mahaifina cewa hulɗar ƙasa da ƙasa zan karanta, cewa ya yi, "To, Allah ya sa albarka, jakada ke nan." Haka yawancin mutanenmu ke kallon wannan karatu, ni ma haka na ɗauke shi har na gama digirin farko a gida. Sai da na zo Birtaniya ƙaro karatu na ga wani abu da har yau yake ci mini rai, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

A gida mun yi karatu da gaske, ba na raina shi. Mun haddace yarjejeniyar Westfaliya ta 1648, mun haddace yadda Ƙungiyar Ƙasashe ta farko ta rushe, da kafuwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, da rikicin makamai masu linzami na Kyuba a 1962. Ajinmu ya haura mutum ɗari biyu, wasu a tsaye, wasu a bakin taga, malami na lakca muna rubutu, ranar jarrabawa mu mayar masa da abin da ya ba mu. Ba na ganin laifin malaman. Mutumin da zai maka takardun mutum ɗari biyu, ga yajin aiki, ga ɗakin karatu da sabon littafinsa ya girmi ɗaliban, ba za ka ce ya zauna yana muhawara da kowa ɗaya bayan ɗaya ba.

A nan kuwa mu goma sha biyu ne a kewayen teburi guda. Ba girman aji ne ya fi ba ni mamaki ba, yadda suke riƙe da karatun ne kamar gadon gidansu. Da aka zo kan taron Yalta na 1945, wata 'yar Folan ta yi magana murya na rawa, domin a wajenta ranar da manya suka yanke wa ƙasarta hukunci ce ba tare da an tambaye ta ba. Wani ɗan Ailan ya kwashe rabin sa'a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Ailan ta Arewa ta 1998, da yadda gonar kawunsa ke tsallake iyaka. Wannan fanni ma a nan aka haife shi: a 1919 aka kafa kujerar farfesa ta farko kan siyasar duniya a Aberystwyth ta yankin Wales, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye musu samari, suna neman amsar yadda za a hana a sake. Ciwonsu ne suka mayar ilimi. Mu kuma muka ɗauko ilimin, muka bar namu ciwon a waje.

Na gane haka sosai bayan 26 ga Yulin 2023, da sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar da take bai wa Nijar, aka fara maganar tura sojoji. Da muka koma aji, malamarmu ta juyo ta ce in yi musu bayani, tunda daga can nake. Na lalubi duk abin da na haddace, ban samu abin kamawa ba. Abin da ya cece ni saƙonnin murya ne na kawuna, direban babbar mota da ya yi shekaru yana bin hanyar Jibiya zuwa Maraɗi. "Ɗana," in ji shi, "motoci sun yi layi tun daga Magama, kayan gwari na ruɓewa a ciki, gwaggonka kuma na can Maraɗi cikin duhu, maganinta ma daga Katsina ake kai mata." Daga bakinsa na ji yadda 'yan babur suka buɗe hanyoyin daji, da yadda kuɗin tsallakawa ya ninka, da yadda takunkumin da aka ce don sojoji aka sa ya sauka a kan mai tallar tumatir. Shi ne na fassara wa ajin, aka yi tsit ana rubutawa.

Duba kuma waɗanda suka iya shiga Yamai a lokacin. An tura Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, zuwan farko ba su ga Janar Tiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, ba. Khalifa Muhammadu Sanusi II ya je ya gan shi. Tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta je ta zauna da shi. Sanatocin Arewa suka fito suka ce ba su yarda da yaƙi ba. Wannan diflomasiyya ce ta rawani da zumunta da harshe ɗaya, ita ce ta yi aiki a gaban idonmu, amma a shekara huɗun da na yi ban taɓa jin an ware mata lakca ko guda ba.

Kuma ba tarihi muka rasa ba. A ƙarni na 16 Mai Idris Aloma na Borno ya aika jakadu zuwa ga Sarkin Daular Usmaniyya a Santambul. Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi sun yi musayar wasiƙu kan halaccin yaƙar ƙasar da mutanenta Musulmi ne, kowa na kawo hujja, kowa na warware ta ɗan'uwansa. Tambayar da Turawa ke cika littattafai a kanta ke nan, wato yaushe ya halatta wata ƙasa ta shiga wata da makami. A 1824 Bello ya karɓi Baturen Ingila mai yawon bincike, Kilabaton, a Sakkwato, ya ba shi wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila kan ciniki da zaman wakili. Ita kanta iyakar da ta raba kawuna da gwaggona, a 1890 Ingila da Faransa suka fara zana ta a takarda, daga Say a bakin kogin Neja zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, suka sake ja a 1898 da 1904 da 1906, saboda Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram. Na je gidan adana takardu na Kew a Landan, na riƙe irin waɗannan taswirori da hannuna, na ga sunayen garuruwanmu an rubuta su a karkace, layi ya bi ta tsakiyarsu. Jikina ya yi sanyi. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, amma layin nan bai san da wannan ba. Yaron da ke karatu a Katsina ko Sakkwato mota ɗaya ce tsakaninsa da wurin, kuma gidan adana takardu na Kaduna da Gidan Arewa suna nan, bai buƙatar biza.

Kada a ɗauka nan ɗin aljanna ce. Kuɗin makaranta na ɗalibin waje ya isa ya gina gida a Katsina, kuma Afirka a yawancin kwasa-kwasan mako ɗaya ko biyu take samu, galibi a babin yaƙi ko yunwa ko bashi. Ba za su koya mana kanmu ba, kuma ba aikinsu ba ne. Abin da na ɗauka a wajensu shi ne a sa ka karanta takardar asali, ka faɗi ra'ayinka, wani ya rushe shi, ka sake ginawa.

Sai maganar harshe, wadda ta fi komai ba ni takaici. Nijar, Chadi, Kamaru, Binin: duk maƙwabtanmu na ƙasa da Faransanci suke rubuta takardun gwamnati, amma na gama digiri ban iya karanta sanarwa ɗaya ta Yamai ba. Abokan karatuna a nan kusan kowa na da harshe biyu ko uku, kuma suna ɗaukar hakan rabin sana'ar. Mu ga Hausa a bakinmu muna ganin ba komai ba ce, alhali a Disambar 2024 da Hausa Tiani ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don dagula Nijar, da Hausa Nuhu Ribadu, mai bai wa shugaban Najeriya shawara kan tsaro a lokacin, ya ba shi amsa, kuma a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Tun 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi ana aikinsa, ga Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa tun 1964, ga hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da ke Yamai. Duk waɗannan teburori ne da sai an samu masu zama a kansu.

Makon jiya ƙanwata ta kira ni, ta ce wannan fannin take son cikewa a jarrabawar JAMB, amma ana ce mata babu aiki sai mai uwa a gindin murhu. Na ce mata gaskiya ne kujerun ma'aikatar harkokin waje kaɗan ne, kada ta shiga don rigar jakada. Na ce, "Ki cike, amma da sharaɗi biyu: ki fara Faransanci tun yanzu, kuma hutun nan ki bi Kawu zuwa Maraɗi da littafin rubutu, ki rubuta duk shingen da aka tsayar da ku, da wanda ya tsayar da ku, da abin da ya nema." Ta ce ta ji. Kawu kuma ya ce bayan Sallah za su tafi, in Allah ya yarda.